Sandar majalisa da alkalamin akawu: su wa ke rike da majalisa in 'yan siyasa sun hargitse?

Duk wanda ya taba kallon bude zaman majalisa a talabijin ya san yadda abun yake farawa. Kofa ta bude, wani mutum cikin kaki ko bakar kwat ya shigo yana takawa daidai da wata katuwar sanda mai kyalli a kafada, kakakin majalisa na bayansa, 'yan majalisa duk su mike, a dora sandar kan teburi, a yi addu'a sannan a fara aiki. Da yawa nan suke canza tasha, a ganinsu bata lokaci ne kawai da kwaikwayon Turawa, kuma ni ban ce babu kamshin gaskiya a maganarsu ba, akwai abubuwa a cikin wannan hidima da in aka soke su gobe ba abunda zai ragu. Amma shi wancan mai sandar, da wadancan mutanen da ke zaune a teburin da ke gaban kakaki sun dukufa suna rubutu ba wanda ya san sunansu, su ne ke rike da gidan. Dan majalisa zuwa yake ya tafi, shekara hudu ko biyar a sake zabe a watsar da rabinsu, su kuwa ma'aikatan nan wani ya yi shekara 30 a wurin, ya ga kakaki biyar sun hau sun sauka.

Bari mu fara da sandar tunda ita ce ido ya fi gani. Asalinta makami ce, kulki ne na yaki da masu tsaron sarakunan Ingila da Faransa ke rikewa suna kama mutane da sunan sarki ba sai da takarda ba. A 1415 aka ware daya daga cikin wadannan dogarai na sarkin Ingila ya rika yi wa majalisar wakilai hidima, to daga nan mukamin sajan majalisa ya samo asali, kuma daga nan ya bi mulkin mallaka ya watsu zuwa Kanada, Ostareliya, Najeriya, Kenya da sauransu. Abun mamakin shine sandar tun farko alamar ikon sarki ce, amma da tafiya ta yi tafiya sai ta koma alamar cewa majalisa na zaune da ikonta. A majalisar wakilan Birtaniya in babu sandar kan teburi ba zama, ba muhawara, ba kuri'a. In kuma majalisa ta rikide ta koma kwamiti na kowa da kowa don bin kudiri sashe sashe, zaka ga sajan ya taso ya sauke sandar daga saman teburi ya mayar da ita kasa kan wasu marataya, kakaki ya bar kujerarsa, kaga ko ba a fada maka ba daga inda sandar take ka san wane irin zama ake yi.

Kowace kasa kuma da irin tata. Ta majalisar wakilan Amurka sanduna 13 ne na bakin katako aka daure da azurfa, da mikiya a sama, an kera ta a 1841 saboda ta farkon ta kone lokacin da sojojin Birtaniya suka cinna wa ginin majalisar wuta a 1814. Ta Fiji kuwa kulkin yakin sarkinsu Cakobau ne, wanda ya mika wa Sarauniya Victoria a 1874, aka dawo musu da shi a 1932. Jamus da Faransa ba su da wata sanda da ake ajewa a teburi kwata-kwata kuma dokokinsu na aiki lafiya lau.

Wannan na karshen shi ya kamata masu satar sanda su rika tunawa. Ranar 18 ga Afrilu 2018 wasu 'yan daba suka kutsa zauren majalisar dattawan Najeriya ana tsakiyar zama, Ike Ekweremadu na jagoranta, suka sure sandar suka fice da ita a gaban kyamara, washegari 'yan sanda suka ce sun tsince ta a karkashin wata gada a Abuja. To me ya faru da zaman? An dauko wata sandar ta ajiya an ci gaba. Kundin tsarin mulkin 1999 ma bai ambaci sanda ba ko sau daya, abunda ya ce shine sai kashi daya bisa uku na 'yan majalisa sun hallara. A Birtaniya ma an sha yi, dan majalisa Michael Heseltine ya dauke ta yana kadawa a 1976, a Disamban 2018 wani dan majalisa na jam'iyyar Leba ya dauke ta don fushin dage kuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, ma'aikata suka karbe a bakin kofa aka kore shi na ranar, shikenan. Wanda ya yi abun da gaske shine jagoran sojojin Ingila Oliver Cromwell a 1653, da ya shigo da sojoji ya kori 'yan majalisar ya ce a dauke masa wannan abun wasan, amma shi ai bindigogin da ke bayansa ne suka rufe majalisar, sandar bin sahu ta yi.

Shi sajan din fa daukar sanda karamin bangare ne na aikinsa, minti biyar ne a rana. Sauran lokacin shi ne mai kofa da mai tsaro, shi ke fitar da dan majalisar da kakaki ya kora, shi ke kai sammacin majalisa. Ranar 22 ga Oktoba 2014 wani dan bindiga ya kashe soja a Ottawa sannan ya afka ginin majalisar Kanada, sajan majalisar Kevin Vickers, tsohon dan sanda, ya dauko bindiga daga ofishinsa kuma yana cikin wadanda suka harbe maharin, washegari da safe ya sa rigar bikinsa ya dauko sanda ya shigo zaure kamar kullum 'yan majalisa na ta tafi a tsaye. A Amurka kuma bayan magoya bayan Trump sun farmaki majalisa ranar 6 ga Janairu 2021, sajan na majalisar wakilai da na dattawa duk biyun sai da suka ajiye aiki, don tsaron ginin a wuyansu yake. A ranar dai wasu ma'aikatan majalisar dattawa ne suka yi ta maza suka fice da akwatunan da ke dauke da takardun sakamakon zaben jihohi kafin masu zanga-zanga su shigo zauren, da an kona takardun nan Allah kadai ya san irin rikicin shari'ar da za a shiga.

Wani lokacin ma abun har da ban dariya. A Fabrairun 1988 a Amurka sanatocin jam'iyyar Rifablikan suka kaurace wa zama don kada adadi ya cika, shugaban masu rinjaye Robert Byrd ya sa aka ba sajan umarnin kamo su, aka bi ofis ofis cikin dare, aka samu Sanata Bob Packwood ya kulle kansa, aka bude aka dauko shi cak aka shigo da shi zaure kafafu a gaba. A Nuwamban 2018 kuma wani kwamitin majalisar Birtaniya ya tura jami'in ofishin sajan har otal a Landan wurin wani dan kasuwa Ba'amurke da ke rike da takardun sirri na Facebook, aka taso keyarsa zuwa majalisa ya mika su. Iko ne da ya dade a kwance har an manta da shi.

To amma bikin da ya fi kowanne ma'ana a wurina shine na rufe kofa. In sarkin Ingila ya zo bude majalisa ba ya shiga zauren wakilai, a majalisar dattawa yake zama, sai ya aiki wani jami'i da ake kira mai bakar sanda ya je ya kirawo su. Yana isowa sai a bugo masa kofa a fuska garam, da gangan, sai ya daga sandarsa ya buga sau uku kafin a bude, har kofar ta yi tabo a wurin saboda yawan bugu. Su kuma 'yan majalisar in za su tafi ba sa sauri, suna tafe suna hira da shewa don a san ba tsoro ya taso su ba. Ana danganta wannan da abunda ya faru ranar 4 ga Janairu 1642, lokacin da Sarki Charles na daya ya shigo zauren da kansa da dakaru a bayansa zai kama 'yan majalisa biyar, ya tarar sun gudu, ya tambayi kakaki William Lenthall ina suke, kakaki ya durkusa ya ce masa shi ba shi da idon gani ko harshen magana a wannan wuri sai yadda majalisa ta umarce shi don shi bawanta ne. A shekarar yakin basasa ya barke, a 1649 aka fille wa sarkin kai, kuma tun daga ranar babu sarkin da ya sake shiga zauren ana zama. Har yau in sarki zai je majalisa sai an ajiye dan majalisa daya a fadar Buckingham a matsayin garkuwa har ya dawo lafiya.

Wani zai ce toh wannan ai tarihin wasu ne, me ya shafi sauran duniya. Ya shafa mana, don tambayar da kofar nan ke yi ita ce wa ke da mabudin majalisa, majalisar ko gwamnati? Ranar 7 ga Agusta 2018 jami'an DSS rufe da fuska suka tare kofar majalisar dokokin Najeriya suka hana 'yan majalisa da ma'aikata shiga, a ranar mukaddashin shugaban kasa Yemi Osinbajo ya sallami shugaban hukumar Lawal Daura. Kafin nan a Nuwamban 2014 'yan majalisa katanga suka rika haurawa saboda 'yan sanda sun rufe kofa. Su kansu 'yan Birtaniya masu al'adar bugun kofar basu tsira ba, a 2008 'yan sanda suka shiga ofishin dan majalisar adawa Damian Green a cikin ginin majalisa suka yi bincike ba tare da takardar kotu ba, kuma ofishin sajan ne ya basu izini, aka yi ta cece-kuce har aka sa doka cewa daga yanzu sai da takardar kotu. Kenan in mai tsaron kofar majalisa yana karbar umarni daga wajen majalisa, ko yana jin kunyar cewa a'a, bugun kofa sau uku bai hana komai.

Yanzu mu zo kan mutumin da na fi damuwa da shi, akawun majalisa, wasu na cewa magatakarda. Jin sunan sai ka dauka mai buga takardu ne. A Ingila an san mukamin tun 1363. A Najeriya sashe na 51 na kundin tsarin mulki ne ya kafa shi. Shi ne shugaban duk ma'aikata, shi ke sa hannu kan kudin da majalisa ke kashewa, ofishinsa ke shirya takardar abubuwan da za a tattauna a kowace rana, shi ke rubuta abunda aka yanke, kuma in rigima ta kaure kan ka'ida zaka ga kakaki ya sunkuyo akawu ya juyo ya rada masa magana, toh hukuncin da kakaki zai fada da karfi yana buga guduma sau da yawa daga wannan radar ya fito.

Ranar da karfinsa ke fitowa fili ita ce ranar farko ta sabuwar majalisa, lokacin babu kakaki, babu shugaba, a kasashe da yawa akawu ne ke jan zaman. Ranar 9 ga Yuni 2015 akawun majalisar dokokin Najeriya Salisu Maikasuwa ya bude zama a lokacin da takardar shugaban kasa ta ayyana, sanatoci 57 na zaure, sauran 'yan APC da dama suna can cibiyar taro ta kasa da kasa suna jiran ganawa da Shugaba Buhari, kafin su ankara an zabi Bukola Saraki shugaban majalisar dattawa babu hamayya an rantsar da shi. Da akawu ya ce a jira awa daya da tarihin wannan majalisa ya canza gaba daya. Ya bi ka'ida ko ya yi son kai? Har yau ya danganta da wanda ka tambaya, gwamnati dai ta gurfanar da shi tare da Saraki da Ekweremadu a 2016 kan zargin sauya dokokin majalisar, daga baya a shekarar ta janye karar. A Ghana a Janairun 2021 da kujeru suka zo kunnen doki 137 da 137, akawu ne ke jagorantar zaben kakaki cikin dare aka yi ta dambe, wani dan majalisa ya wawuri takardun kuri'a ya ruga, sojoji suka shigo zaure, sai da gari ya waye aka bayyana Alban Bagbin na bangaren adawa. A Amurka a Janairun 2023 akawu Cheryl Johnson ce ta rike guduma kwana da kwanaki ana kada kuri'a har zagaye 15 kafin Kevin McCarthy ya samu kujerar kakakin majalisar wakilai, kuma bangarorin biyu suka mike suka tafa mata, abunda ba kasafai suke haduwa a kai ba.

Amma duk wannan a gaban kyamara ake yinsa. Inda ba kyamara shine bayan an ce kudiri ya wuce. Mutane na dauka da an buga guduma shikenan doka ta fito, alhali abunda ke hannu a lokacin tarin takardu ne, ga asalin kudiri, ga gyare-gyaren kwamiti, ga wanda wani ya mike ya kawo a zaure aka amince da baki, ga na daya majalisar da ya sha bamban sai an daidaita. Wasu ma'aikata ne za su zauna su hada duk wannan su fitar da kwafi daya tsaf, akawu ya sa hannu cewa wannan shine abunda majalisa ta amince da shi, sannan a kai wa shugaban kasa. Tsakanin guduma da teburin shugaban kasa dinnan, nan ne kalma daya ko lamba daya ke iya shiga ko ta bace, kuma 'yan majalisa nawa ne ke komawa su karanta shafi 300 su gwada da abunda suka kada wa kuri'a?

Ga misali da ya faru a zahiri. A wata dokar rage gibin kasafi da Shugaba George Bush ya sa wa hannu a Fabrairun 2006, majalisar dattawan Amurka ta amince gwamnati ta biya hayar wasu kayan jinya na wata 13, wajen kwafe takardar a kai majalisar wakilai wani ma'aikaci ya rubuta wata 36, wakilai suka kada kuri'a kan 36, da za a kai wa shugaban kasa aka mayar da ita 13. Kenan majalisun biyu basu amince da abu daya ba, kuma bambancin ya kai kusan dala biliyan 2. Aka je kotu, kotu ta ce ita ba za ta leka bayan takardar da shugabannin majalisun biyu suka sa wa hannu ba, bisa wani hukunci na kotun koli tun 1892, doka ta zauna daram. Wannan kuskure ne aka ce. Toh ka yi tunanin inda ba kuskure bane, ka yi tunanin kasafin kudi mai layi dubbai. Shi yasa ni in naji ana ihun an sace sanda bana tashi hankalina kamar in naji ance kwafin da aka buga ya sha bamban da wanda aka amince da shi a zaure.

Sauran ma'aikatan ba sai na dade a kansu ba. Akwai masu rubuta duk kalmar da aka furta a zaure, kundin da ake kira Hansad, sunan wani mai madaba'a ne da ya rika buga muhawarar majalisar Birtaniya a farkon karni na 19. Akwai lauyoyi masu tsara kudiri, akwai akawun kowane kwamiti wanda a gaskiya shi ke rubuta rahoton da shugaban kwamiti zai zo ya karanta yana daga murya, akwai masu bincike da masu lissafin kasafi, irin ofishin da majalisar Amurka ta kafa a 1974 don ta daina dogaro da alkaluman fadar shugaban kasa. Kada a hada su da hadiman 'yan majalisa, su wadannan da ubangidansu suka zo kuma da shi za su tafi.

Abunda ke raba majalisa mai karfi da ta jeka-na-yi-ka, a ganina, shine wa ke nada wadannan mutane kuma wa ke iya korarsu. A Birtaniya akawun majalisar wakilai da takardar sarauta ake nada shi, kakaki ba zai tashi da safe ya sallame shi don ya fada masa abunda baya so ba. A 2014 kakaki John Bercow ya so kawo wata jami'a daga majalisar Ostareliya wadda ta kware a gudanarwa amma bata goge a ka'idojin zaure ba, 'yan majalisa suka yi ca, aka dakatar da nadin, karshe aka raba aikin biyu, akawu ya rike ka'ida aka kirkiro wani mukami na kula da gini da ma'aikata. A majalisar wakilan Amurka kuwa masu rinjaye ne ke zaben akawu da sajan duk bayan shekara biyu. Majalisar dattawansu na da wata jami'a mai fassara ka'ida, Elizabeth MacDonough, tana kan kujerar tun 2012, ba wanda ya zabe ta a akwati amma a Fabrairun 2021 ta ce karin mafi karancin albashi zuwa dala 15 a awa ba zai shiga kudirin da ake son wucewa da shi ta gajeriyar hanya ba, kuma maganar ta mutu a nan duk da jam'iyyar da ke so ita ke da rinjaye. Sai dai a 2001 wanda ke kan wannan kujera, Robert Dove, ya yanke hukunce-hukuncen da basu yi wa masu rinjaye dadi ba suka sallame shi kawai. Duk wanda ya gaje shi ya san da wannan labari, kuma ba sai an kira shi an ja masa kunne ba.

Najeriya na da hukuma ta musamman mai kula da daukar ma'aikatan majalisa da karin girmansu, wanda a takarda abu ne mai kyau don ya raba su da ma'aikatan bangaren zartarwa, amma hukuma irin wannan a kowace kasa amfaninta ya tsaya ne kan ko shugabannin majalisa na iya daga waya su ce ga wanda muke so. Akawun da ya san karin wa'adinsa ko mukaminsa na gaba na hannun mutumin da yake ba shawara, da wuya ya rada masa cewa ranka ya dade adadi bai cika ba.

Su kayan ado kuwa suna ta raguwa da kansu. A 2017 akawunan majalisar wakilan Birtaniya suka daina sa hular gashin nan ta lauyoyi a zaman yau da kullum, wasu 'yan majalisa suka yi ta gunaguni, bayan mako biyu kowa ya manta. A 2018 Sarah Clarke ta zama mace ta farko da ta rike bakar sanda cikin sama da shekara 600, a 2019 kuma aka nada Ugbana Oyet, injiniya haifaffen Najeriya, sajan majalisar wakilai, shi ke shigowa da sandar a gaban kakaki da takobi a kugu.